Tabon Da Auta Ta Goge

Tun ranar da Umma ta ce, "Ni ban ce e ba, ban ce a'a ba, sai na ga fuskarsa tukuna," Auta ta san akwai aiki a gabanta.

Duk wanda ya san Umma ya san ta da son kyau, kuma ba ta ɓoyewa. Ita ce in ta je ganin jariri sai ta gama duba hancinsa kafin ta tambayi lafiyar uwar. Mazan yayyen Auta biyu, ga hotunansu nan rataye a bangon falo, kowanne sai ka sake kallo. Na ukun ma ta riga ta zaɓa a ranta: Mai Kemis, ɗan aminiyarta, dogo mai saje, wanda 'yan mata ke ƙirƙirar ciwon kai don kawai su je sayen magani a wurinsa.

Ita kuwa Auta, zuciyarta na can wani gareji a bayan tashar mota, wurin wani makanike da kowa ke kira Hansam.

Ranar da ta faɗi sunan, Yaya na gidan. Yaya ita ce babbar 'yar Umma, malamar Turanci ce a sakandare, ta zo wuni da tarin takardun ɗalibai tana dubawa.

"Ke Malama," in ji Umma, "wannan sunan me yake nufi? Ina dai jin yara na faɗa."

Yaya ta ajiye jan biro. "Turanci ne, Umma. Namiji mai kyau ake ce wa haka. Amma ba kyau irin na jariri ba da ake ja wa kumatu, wannan kalmarsa daban. Wannan kyau ne mai cika ido, ga tsari ga kwarjini, mutum ya shigo wuri a san ya shigo. Yawanci maza ake faɗa wa, ko da yake in mace ta manyanta da kamalarta, suna iya faɗa mata."

"To ai sai ku riƙa faɗa min," in ji Umma tana gyara zama. Suka yi dariya. Ta juyo wurin Auta fuskarta a sake. "Tunda har mutane suka taru suka sa masa wannan suna, ba a banza ba. Kawo min hotonsa, amma na takarda, ni ba na gani sosai a waya."

Auta ta ce to. Abin da ba ta faɗa ba shi ne yadda aka yi sunan ya samu.

Yana yaron gareji ne ya buɗe murfin lagireto mota na da zafi. Ruwan ya watso masa a ɓangaren hagu, tun daga gira har wuya. Da ya warke, fatar ta tattare, ta ja gefen bakinsa ƙasa kaɗan, rabin girar ma bai sake fitowa ba. Abokan aikinsa, da ba su iya jaje ba sai da tsiya, suka laƙaba masa Hansam. Maimakon ya ji haushi sai ya karɓe, har ya sa aka rubuta a allon garejinsa da ya buɗe nasa. Abu ɗaya ne ya rage masa: in zai yi magana da mutum, sai ya ɗan karkata ya ba shi ɓangaren dama. Shi kansa bai san yana yi ba.

Auta a shagon hoto take aiki, ita ce mai gyaran fuska a kwamfuta. Ƙuraje, tabo, baƙin ƙasan ido, duk wanda ya bi ta hannunta sai ya fito kamar bai taɓa shiga rana ba. Nan ya zo ɗaukar fasfo, ta yi masa tambayar da take yi wa kowa ba tare da ta ɗago ba.

"A gyara?"

"A'a, Mai hoto, bar min kayana. Da shi ake gane ni."

Ta ɗago ta kalle shi, dariya ta kubce mata, shi ma ya yi. Daga nan ya riƙa samun dalilin zuwa, yau fasfo ya ɓace, gobe ruwa ya taɓa shi. A kan dogon bencin shagon kuwa, ta lura, ba ya karkata mata. Gaba ɗaya fuskar yake ba ta, ya yi ta zuba hira.

To wannan mutumin ne Auta ta buɗe hotonsa wata ranar da shago ba kowa, ta daɗe tana kallo, sannan ta kama aiki. Ta ɗebo fata daga kuncin dama ta shimfiɗa a na hagu. Ta cike girar gashi bayan gashi. Ta ɗaga gefen bakin ta daidaita shi da ɗan'uwansa. Idanun ne kawai ba ta taɓa ba, don babu abin gyarawa a cikinsu. Tana yi tana ce wa kanta, ƙofa kawai nake buɗe masa, in ya shiga ya zauna Umma ta ji bakinsa, shi ke nan.

Da ta gama ta jingina da kujera, ta kalli mutumin da ke allon. Allah sarki, in ji zuciyarta, da haka yake, da ba wanda zai wahalar da mu.

Umma kuwa da hoton ya shiga hannunta, sai da ta tashi ta je bakin taga. "Masha Allah! Kai, sunan nan ya bi jiki. Dubi idanu don Allah, wannan da gani ba ya da rawar kai." Ta sa aka sayo firem ta kafa shi a kan talabijin. Har gidan aminiyarta ta kai shi a jaka, ta ce a ba Mai Kemis haƙuri, yarinya ta kawo nata. Sannan ta ce wa Auta ta gaya masa ya zo su gaisa.

Sau nawa Auta ta je garejin da niyyar faɗa masa? Sai ta tarar da shi ya fito daga ƙarƙashin mota yana murna, yana tambayar wace riga zai sa, ko Umma na son mutum mai yawan magana ko mai shiru. Maganar sai ta maƙale. Ranar zuwansa da safe ta ɗauke firem ɗin ta tura bayan labule. Kafin ta fito daga wanka Umma ta gano shi, ta goge masa ƙura ta mayar wurinsa, tana faɗan masu taɓa mata kaya.

Da la'asar sakaliya ya yi sallama. Farar riga ya sa mai guga, ya wanke hannuwansa har sun yi fari, duk da baƙin mai bai gama fita daga gefen farce ba. Ya durƙusa ya gaida Umma cikin ladabi.

Umma ta amsa da fara'a, amma idonta na kan ƙofa.

"Sannu ɗan nan, sannu da hanya. Shi yana waje ne? Ce masa ya shigo mana, ai gida ne."

Auta ta sunkuyar da kai.

"Ni ne, Umma," in ji shi a hankali. "Ni kaɗai na zo."

Umma ta dube shi, ta dubi saman talabijin, ta sake dubansa. Shi ma ya bi idonta da kallo. Auta na ganin lokacin da ya gane, don murmushin bai ɗauke lokaci ɗaya ba, a hankali ya riƙa sauka.

"Umma, in ba damuwa, zan iya gani?"

Yaya, da ta sake zuwa wuni ranar, ita ta miƙo masa. Ya riƙe firem ɗin da hannu biyu, ya daɗe yana kallo. Can ya kai yatsa ya shafa kuncin hagu na hoton, ta saman gilashi.

"Ashe haka zan zama," ya ce, kamar da kansa yake magana.

Bai tashi ya fita ba, kuma wannan ya fi komai yi wa Auta ciwo. Ya zauna ya sha ruwan da aka kawo masa. Umma ta tambaye shi iyayensa da sana'arsa, murya ba yabo ba fallasa, ya amsa ɗaya bayan ɗaya. Da kansa ya ba ta labarin lagireto, ya faɗi yadda sunan ya samu.

"Tsokana ce, Umma, ba yabo ba. Na ga in na yi fushi su za su ji daɗi, sai na riƙe abina."

Da zai tafi ya ce, "Ina neman alfarma. A ba ni hoton nan."

Umma ta zare shi daga firem ɗin da hannunta ta miƙa masa.

Auta ta bi shi har inda ya kafe babur ɗinsa a gindin katanga. Hawaye sun riga sun wanke mata fuska.

"Injiniya, don Allah ka tsaya."

"Ai a tsaye nake."

A tsaye yake kuwa. Amma ya karkata, ɓangaren dama ya ba ta. Tunda suka haɗu bai taɓa yi mata haka ba, sai ta ji kukan ya ƙara taso mata.

"Kin tuna abin da na ce miki ranar farko?" ya tambaya. Muryarsa ba faɗa a ciki.

"Ka ce in bar maka kayanka."

"To me ya faru?"

"Tsoro na ji. Wallahi tsoro ne. Na san Umma, in ta gan ka a takarda ba za ta bari ka tako gidan nan ba, balle ta ji maganarka. Na ce in ka shigo ka zauna, ta ga hankalinka, ta ji yadda kake magana, sauran mai sauƙi ne. Don mu na yi."

"Ta ji ni kuwa? Duk zaman da na yi, kuncina take kallo tana kwatantawa da wancan. Da yadda nake kika kai ni, sau ɗaya za ta firgita ya wuce. Yanzu kin ba ta wanda za ta riƙa auna ni da shi, kuma ba zan taɓa kamo shi ba."

"Na so in faɗa maka, na kasa."

"Na yarda." Ya sauke numfashi. "Ba zafin Umma nake ji ba, Mai hoto. Ni na saba. Yara na ɓuya bayan iyayensu in na shiga mota, masu kawo gyara wasu ƙafata suke kallo har mu gama ciniki. Duk wannan ba ya hana ni barci. Amma a duk faɗin garin nan, wuri ɗaya ne nake zama in manta ina da wani abu a fuska. Bencin shagonku."

Ta toshe baki da gefen mayafi.

Ya ɗaga hoton ya sake dubawa. "Aiki ya yi kyau, ba ƙarya. Har bakin kin daidaita. Wannan ba aikin gaggawa ba ne, zama kika yi kika natsu. Abu ɗaya zan tambaye ki, kuma don Allah kar ki lallashe ni. Da kika gama, kika kalle shi, me kika ji?"

Ga ƙarya nan a bakinta, mai sauƙi, wadda za ta iya tsayar da shi. Ta haɗiye ta.

"Cewa na yi, da haka kake, da ba wanda zai wahalar da mu."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya daɗe yana gyaɗawa.

"Na gode da ba ki ƙara min da wata ba."

"Amma ba shi nake so ba! Wallahi ko minti ɗaya ban so shi ba. Ban san shi ba, bai taɓa ba ni dariya ba, bai taɓa tsayawa cikin ruwan sama yana jiran in tashi daga aiki ba. Kai na sani. Ka yi min duk hukuncin da ka ga dama, amma kar ka tafi da tunanin ina ƙyamarka."

"Ban ce kina ƙyamata ba. Kunyata kika ji, su biyun ba ɗaya ba ne." Ya buɗe aljihun gaban rigarsa ya saka hoton a hankali don kar ya lanƙwashe. "Innata zan kai wa. Ba mu da hotona ko ɗaya na kafin abin ya faru. Ta sha ce min tana rufe ido ta nemi fuskata ta da, ta rasa. Ko ba komai kin yi mata wannan."

"Mu fa?"

Ya hau babur ɗin, ya zauna bai tayar ba.

"Izinin da Umma ta bayar, wannan na aljihuna ta ba wa. Ni ba a nema min ba tukuna."

Ya tayar ya tafi, ba gudu ba, har ya sha kwana.

Ta tarar da Umma zaune inda ta bar ta, firem ɗin ba komai a ciki yana kan cinyarta. Yaya na gefe tana tattara takardunta.

"Zo nan," in ji Umma. "Kin kyauta. Na ɗauki hoto a jaka na bi gidaje ina nuna suruki, ashe zanen hannunki nake yawo da shi. Da wane ido zan kalli aminiyata? Amma ba komai, waya ɗaya zan yi, gobe Mai Kemis ya dawo. Shi dai ba sai an goge masa komai ba."

Auta ta durƙusa a gabanta. Ba ta taɓa musu da Umma ba sai ranar.

"Umma, ki yafe min ƙaryar da na yi miki. Amma don Allah kar ki yi wayar nan. Ban taɓa neman masa izini ba, wancan na nema wa. Yanzu nake nema." Ta buɗe wayarta, ta nemo hoton na asali, ta ɗora a kan firem ɗin. "Ga wanda nake so. Haka yake, kuma haka zai tsufa."

Umma ta yi kamar ba za ta duba ba. Can ta ce, "Malama, miƙo min tabarau."

Ta saka, ta kawo wayar kusa da fuskarta. Ta daɗe. Ta bi tabon da kallo tun daga gira har wuya, ba ta kau da kai ba.

"Idanun nan, kin taɓa su?"

"Ban taɓa ba, Umma."

"Hm." Ta cire tabaran ta riƙe a hannu. "Yaron nan ya ga abin da kika yi masa a gaban mutane, ya zauna ya shanye ruwana, bai bari na ji laifinki a bakinsa ba. Malama, abin nan da kika ce, mutum ya shigo wuri a san ya shigo."

"Kwarjini, Umma."

"To na gani, ba sai an fassara min ba." Ta juyo kan Auta, muryarta ta sauka. "Ni ina son kyau, duniya ta sani, kuma ba zan ce miki tabon nan bai dame ni ba. Ya dame ni. Amma ni ban taɓa goge fuskar ɗan kowa ba. Ke da kike cewa kina sonsa, ke kika yi. Ni zan iya sabawa da tabo, Auta, ido ne, yana sabo. Abin da ban sani ba, ko shi zai iya sabawa da ke."

Ta miƙa mata firem ɗin, ta tashi ta shige ɗaki.

Auta ta zauna a ƙasa rungume da shi har aka fara kunna fitilu a layin. Sannan ta kira lambarsa. Ta yi ta ringi har ta katse. Ta sake kira, ta riga ta fid da rai sai ta ji an ɗauka.

A bayansa tana jin muryar tsohuwa, kuka take a hankali tana maimaita, "Ɗana, ɗana, ga shi nan, wallahi shi ne."

"Injiniya?"

"Ina ji." Muryarsa ta dushe. "Tun ɗazu ta ƙi sakin hoton. Tambayata take wa ya yi wannan aikin, tana so ta sa masa albarka. Me zan ce mata, Mai hoto? In ce wadda ke sona ce, ko wadda ta ji kunyata?"

Auta ta share fuskarta da bayan hannu. Ta miƙe, ta jawo mayafinta daga kan kujera.

"Kar ka ce mata komai," ta ce. "Duka biyun ni ce. Ga ni nan zuwa tare da Yaya, in faɗa mata da bakina."